Maigidana Zai Tsaya Takarar Darakta a Hukumar Madara: Mene Ne Aikin, Kuma Me Zai Faɗo Kaina?

"Assalamu alaikum. Ina aiki a wata gonar shanun madara a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, ni ke kula da tatsa da maraƙa. Kwanan nan maigidan ya ce mini maƙwabtansa sun matsa masa ya tsaya takarar darakta a hukumar sayar da madara ta lardin, kuma idan ya ci zaɓe ni zai bar wa ragamar garken galibin kwanaki. Ni dai iyakar abin da na sani, tanka tana zuwa ta kwashi madara, kuɗi su shigo. Wace irin hukuma ce wannan da manomi zai bar shanunsa saboda ita? Me darakta ke yi? Kuma in karɓi nauyin ko in ƙi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah ya sa albarka a nema. Idan na fahimce ka, kana son ka san ƙarfin wannan hukuma, da abin da zai riƙa cinye lokacin maigidanka idan ya hau kujerar, sannan abin da ya fi tsaya maka a rai, wato nauyin da zai sauko kanka. Aikina tsara abincin shanun madara ne, gona-gona nake zagayawa a kudancin Ontariyo, kuma cikin manoman da nake wa aiki akwai waɗanda suka daɗe suna wakiltar 'yan uwansu. Ni kaina ban taɓa zama darakta ba, ba ni ma da damar zama, tunda ba ni da lasisin sayar da madara. Saboda haka abin da zan faɗa maka a ɗakin tatsa da zauren taron manoma na gan shi.

Wace irin hukuma ce?

Mu da muka tashi a Arewa, da an ce hukumar sayar da amfanin gona, hukumar gyada ce ke faɗo mana a rai, ta zamanin dalar gyada a Kano, wadda iyayenmu ke ba da labarinta. Waccan ta gwamnati ce. Ita ke yanka wa manomi farashi, ta sayar a ƙasashen waje, rarar ta tafi inda gwamnati ta ga dama, har aka rushe ire-irenta a 1986. Ta Ontariyo ba haka take ba. Manoma ne ke zaɓen masu tafiyar da ita daga cikinsu, kuma da kuɗin da ake cirewa daga madararsu take aiki.

An kafa ta a 1965 a ƙarƙashin dokar madara ta lardin. A 1995 aka haɗe ta da hukumar masu sayar da maiƙon madara, ta koma Dairy Farmers of Ontario, wadda kowa ke kira DFO, babban ofishinta yana garin Mississauga, kusa da Toronto. Dalilin kafa ta kai ma kana ganinsa kullum a wurin aikinka: madara ba ta jira. Mai masara idan farashi bai yi masa ba sai ya zuba a rumbu. Mai madara kuwa tankinsa cika yake yi cikin kwana biyu, shanun kuma ba su san an samu saɓani da mai saye ba. Kafin hukumar, kowane manomi shi kaɗai yake ciniki da kamfanin da ke kusa da shi, kamfanin kuma ya san ba shi da inda zai kai. Maƙwabta biyu masu madara iri ɗaya sukan samu farashi mabambanta, ya danganta da wanda ya yi sa'ar samun kwantiragi da masu madarar sha da wanda tasa ke tafiya masana'antar cuku ko bota.

Abin da doka ta yi shi ne ta mai da hukumar ita kaɗai ce mai sayen ɗanyar madarar shanu a lardin. Tankar da kake gani, hukumar ce ta tsara zuwanta. Ita ke raba madarar ga kamfanonin sarrafawa, ta karɓi kuɗi gwargwadon abin da za a yi da ita, domin madarar sha kuɗinta daban, ta cuku daban, ta gari daban, sai a zuba duka a asusu ɗaya a raba wa manoma. Maigidanka ba ya buƙatar sanin kamfanin da madararsa ta je. Ana biyansa bisa maiƙo da furotin da sauran abin da ke cikinta, da farashi ɗaya da na kowa. Rabon ma ya wuce Ontariyo, domin larduna biyar na gabas, wato Ontariyo da Kwibek da New Brunswick da Nova Scotia da Prince Edward Island, suna da tukunya ɗaya da ake kira P5.

Wannan kuma wani ɓangare ne na tsarin ƙasa baki ɗaya da ya tsaya da ƙafarsa a farkon shekarun 1970, wanda ke kan abu uku. Ana ƙayyade yawan madarar da za a samar ya dace da buƙatar ƙasa, ta hanyar kota, wato izinin adadin da kowace gona za ta iya sayarwa. Ana yanka farashi bisa abin da samar da madarar ke ci, kuma Hukumar Madara ta Tarayya da aka kafa a 1966 ce ke jagorantar wannan, sabon farashi yakan fara aiki 1 ga Fabrairu. Sannan ana tsare iyaka da haraji mai nauyi, wanda kan wasu kayan madara yakan wuce kashi 200 cikin ɗari idan an haura adadin da aka yarda a shigo da shi.

Kotar nan ita ce zuciyar lamarin, don haka ka fahimce ta da kyau. Ba da lita ake auna ta ba, da kilon maiƙo a kowace rana ake yi. Saniya mai ba da lita 35 a rana, idan maiƙonta kashi 4 ne cikin ɗari, tana cike kusan kilo 1.4. Ana saye da sayar da kota a kasuwar da hukumar ke buɗewa duk wata, kuma an ɗaure farashin kilo ɗaya a dalar Kanada 24,000. Yi lissafi da kanka: gonar da ke da kilo 100 tana riƙe da izinin da ya kai dala miliyan 2.4, ban da ƙasa, ban da gini, ban da shanun kansu. To daraktoci su ne masu tsara dokokin wannan dukiya. Ka ga dalilin da zai sa manomi ya yarda ya bar garkensa ya je ya zauna a teburin.

Abin da darakta ke yi

Daraktocin goma sha biyu ne, kowanne daga yankinsa, manoman yankin masu lasisi ke zaɓensa na shekara huɗu. Ba a canza su duka a shekara ɗaya, don kada teburin ya wayi gari babu wanda ya san inda aka kwana. Su ke zaɓen shugaba daga cikinsu. A ƙarƙashinsu akwai kwamitocin manoma na gundumomi, kuma yawancin waɗanda ke kaiwa babbar kujera daga can suke tasowa. Idan maƙwabtan maigidanka ne suka matsa masa, ina kyautata zaton ya riga ya yi shekaru a irin wannan kwamiti suna ganin kamun ludayinsa.

Rabin aikin karatu ne. Kafin kowane zama ana turo masa takardu masu yawa: yawan madarar da aka tara, yawan botar da ke ajiye a ƙasa, abin da kamfanoni suka nema, kuɗin sufuri, sakamakon gwaje-gwajen inganci. Mutumin da ya tashi tun kafin asuba ya yi tatsa, shi ne zai zauna bayan isha yana bin alƙaluma. Daga waɗannan takardu ake yanke shawarar da ke shigowa har cikin ɗakin tatsarka. Za a ƙara wa kowa kota da kashi ɗaya, ko a rage? Za a ba da ƙarin kwanakin da aka yarda manomi ya haura kotarsa a kaka, lokacin da buƙata ke tashi? Wace tara za a ci wanda madararsa ta gaza? Nawa za a kashe a talla, nawa a bincike, nawa a shirin madarar 'yan makaranta? Da yawa daga cikin waɗannan ba Ontariyo kaɗai ke yanke su ba, sai an daidaita da sauran lardunan P5, shi ya sa za ka ga maigidan yau yana Mississauga, jibi yana Ottawa ko Kwibek.

Ga kuma zama da kamfanonin sarrafawa, ga amsa wa hukumar gwamnatin lardi mai sa ido kan duk hukumomin sayar da amfanin gona, domin ikon da DFO ke da shi aro ne daga doka, kuma wanda bai gamsu da hukuncinta ba yana iya ɗaukaka ƙara zuwa kotun musamman ta harkokin noma. Ana biyan darakta alawus na kwanakin da ya yi wa hukumar. Ban ga wanda ya shiga don wannan kuɗin ba, domin kaso mai tsoka daga ciki wajen biyan wanda zai tsaya masa a gona yake tafiya.

Abu ɗaya da sabon darakta kan sha wuya kafin ya saba da shi: ba shi ke tafiyar da ofis ba. Akwai babban jami'i da ma'aikata, su ke tsara hanyoyin tankoki, su fitar da kuɗin wata, su aika masu duba gonaki. Manomi ya saba idan ya ga ƙofa ta karye ya ɗauko guduma da kansa. A can dole ya koyi kafa ƙa'ida, ya tambayi sakamako, ya janye hannunsa.

Inda kujerar ke da zafi

Nan ne nake so ka tsaya, domin shi zai bayyana maka halin da za ka riƙa ganin maigidanka a ciki idan ya dawo daga tafiya. Yanki ɗaya ne ke zaɓensa, amma da ya zauna a teburin, amanar manoman lardin gaba ɗaya ce a wuyansa, sama da gonaki dubu uku. Kamar sarkin kasuwa ne wanda shi ma yana da rumfa a kasuwar, 'yan layinsu kuma su suka ɗora shi. Duk dokar da ya sa wa hannu tana taɓa aljihunsa, tana taɓa na waɗanda za su sake zaɓensa ko su kayar da shi.

Ɗauki maganar ɗaure farashin kota. Dattijon da ke shirin sayar da garke ya huta yana ganin an tauye masa haƙƙi, domin a wasu lardunan yamma da ba a ɗaure ba kilo ɗaya ya fi haka tsada nesa ba kusa ba. Saurayin da ya karɓi gonar mahaifinsa da bashi a kansa yana ganin ɗaurin ne kaɗai ya bar shi da rai. Mai babban garke da ya gina sabon ɗaki yana kukan cewa kasuwar wata-wata ba ta ba shi sai ɗan abin da bai kai ya kawo ba, tunda masu nema sun ninka masu sayarwa. Dukansu ukun a yankin darakta ɗaya suke, wataƙila a titi ɗaya. Haka maganar sufuri. Ana raba kuɗin ɗaukar madara daidai ne, wanda ke ƙofar masana'anta da wanda ke can arewacin lardi inda tanka ke doguwar tafiya kan ƙanƙara saboda gonaki kaɗan. Na kusa yana ɗaukar wa na nesa wani abu, kuma darakta daga yankin na kusa dole ya iya tsayawa gaban mutanensa ya kare hakan.

Ga misali daga fannina. Shekarun nan buƙatar bota da kirim ta tashi fiye da ta sauran abin da ke cikin madara. Duk kilon maiƙon da aka fitar, yana barin tsagwaron madara marar maiƙo da ba ta da kasuwa mai kyau. Saboda haka hukumomin P5 suka sa ƙa'ida kan yadda maiƙo da sauran sinadaran za su daidaita, suna kuma gyara ta lokaci zuwa lokaci. Duk sanda aka taɓa ta, ni sai na koma kan kwamfuta na sake lissafin abincin garke-garke, manomi kuma ya sake tunanin irin bijimin da zai zaɓa don baye. A 2021 kuma aka yi ta ce-ce-ku-ce a kafafen watsa labarai cewa bota ta yi tauri, ana zargin kitsen kwakwar manja da wasu ke sa wa shanu a abinci don ɗaga maiƙo, har ƙungiyar manoman madara ta ƙasa ta nemi a duba wani abin a madadinsa. Darakta da shi ma yake sa wa shanunsa wannan kitse, a makon nan zai amsa tambayar 'yan jarida, ya amsa ta maƙwabcinsa, ya kuma yanke abin da zai yi a gonarsa.

Sai sirri. Darakta yakan san za a ƙara kota kafin a sanar. Idan ya je ya sayi karsana masu ciki kafin farashinsu ya tashi, ko ya raɗa wa surukinsa, ya ci amana. Kai ma wannan ya shafe ka. Za ka riƙa jin gutsuren waya a ofishin gona, direban tanka da mai kawo abinci kuma za su riƙa latsa ka da wasa su ji ko akwai labari. Abin da ka ji, ka bar shi inda ka ji shi.

Akwai kuma ranakun da babu zaɓi mai daɗi. A Afrilun 2020, da annobar korona ta rufe gidajen abinci da otal-otal, buƙatar kirim da cuku ta faɗi cikin 'yan kwanaki, masana'antu suka kasa karɓar duk abin da ake tatsa, hukumar ta umarci wasu gonaki su zubar da madara. An raba asarar a kan kowa, wanda a ganina shi ne adalci, amma wanda ya buɗe bakin tanki da hannunsa ya ga madarar kwana biyu tana bin magudana ba lissafin rabo ke gabansa ba. Wayar darakta yake kira. Haka lokacin yarjejeniyoyin ciniki: ta Tarayyar Turai a 2017 ta buɗe ƙofa ga ƙarin cuku, ta ƙasashen yankin Fasifik a ƙarshen 2018 ta ba wa ƙasashen waje kashi 3.25 cikin ɗari na kasuwar madarar Kanada, ta Amurka da Meziko da ta fara aiki 1 ga Yulin 2020 ta ƙara kusan 3.6. Gwamnatin tarayya ce ta sa hannu, babu daraktan da ke da ikon hanawa, amma shi ne ke tsaye a gaban manoma idan fushin ya tashi.

Tarukan darakta da manoman yankinsa a lokacin sanyi aka fi yinsu, sanda aikin gona ya lafa. Zauren unguwa ne, kujerun ƙarfe masu naɗewa, kofi a kan tebur, takalma sun jiƙa ƙofa da narkakkiyar ƙanƙara. Darakta na gaba da allo yana nuna alƙaluma. Na taɓa ganin wani dattijo ya tashi daga baya, hularsa a hannu, ya tambayi darakta a kan wata ƙa'ida da ta rage masa kuɗi: kai da kanka, wane ɓangare ka zaɓa a zaman? Zauren ya yi tsit. Daraktan ya ce an yi muhawara mai zafi, hukumar ta yanke, kuma hukuncin nasa ne kamar yadda yake na kowane darakta, sannan ya koma ya sake bayanin dalilan ɗaya bayan ɗaya, har da abin da ƙa'idar ta rage masa shi ma. Dattijon bai gamsu ba, amma ya zauna. Na girmama mutumin nan ƙwarai. Da ya ce ai ni na ƙi, su suka rinjaye ni, da ya sha tafi a ranar, da kuma ya koya wa manoman yankinsa cewa hukumarsu abokiyar gaba ce. Idan maigidanka mutum ne da ba ya iya jure ɓacin ran maƙwabci, wannan kujera za ta wahalar da shi.

Kuma manoma sun san tsarin ba dawwamamme ba ne. Ingila ta yi irin wannan hukuma daga 1933 aka rushe ta a 1994. Ostireliya ta saki kasuwarta a 2000, Tarayyar Turai ta soke kota a 2015. A Kanada ma masu suka ba su yi shiru ba, suna cewa talaka na sayen madara da tsada, musamman bayan ƙarin kashi 8.4 cikin ɗari na Fabrairun 2022 da wani 2.5 a Satumbar shekarar. Ni ina goyon bayan tsarin, domin na ga abin da yake yi: manomi na iya gina ɗaki da bashin shekara ashirin yana da tabbacin abin da zai shigo. Amma akwai sukar da take ci mini rai, kuma kai ta fi shafa. Mutum irinka, ko ya fi kowa sanin saniya, kuɗin kota kaɗai sun isa su rufe masa ƙofa. Akwai shirin da hukumar ke ara wa sababbin shiga kota, sai dai gurabensa kaɗan ne. Wannan ma daraktoci ke tsara shi, saboda haka idan kun zauna da maigidan ka tambaye shi ra'ayinsa a kai. Ɗan takara ya kamata ya kasance da amsa.

Kai fa?

Ka sani tun yanzu, gonar darakta ba kamar sauran gonaki ba ce. Ido yana kanta. Dokar inganci ɗaya ce ga kowa: ƙidayar ƙwayoyin da ke nuna ciwon hantsa kada ta wuce 400,000 a kowane mililita, ga gwajin ƙwayoyin cuta, ga duba gona na shirin proAction da ya haɗa da tsafta da lafiyar dabbobi da rubuce-rubucen magani. Amma idan wani manomi ya faɗi gwaji, tara kawai zai biya. Idan gonar darakta ce, labarin zai zagaye yanki, kuma duk wanda aka taɓa ci tara zai tuna. Mutuncinsa a teburin can yana rataye da abin da kake yi da asuba.

Abin da ya fi kowanne haɗari shi ne maganin kashe ƙwayoyin cuta ya shiga tanki. Ka san yadda direba ke yi idan ya zo: ya buɗe murfi ya shinshina, ya duba sanyi, ya auna, ya ɗebi samfur a 'yar kwalba mai lambar gonarku. A masana'anta ana gwada kowace tanka kafin a sauke. Idan aka samu ragowar magani, lodin gaba ɗaya ya lalace, har da madarar maƙwabtan da aka haɗa, sai a koma kan kwalaben a gano gonar, mai ita ya ɗauki asarar da tara. Na san wata gona da wannan ya faru a makon da mai ita ke tafiyar taron manoma. Ya yi wa saniya allura da yamma kafin ya tafi, ya faɗa da baki, ba a ɗaura mata jan ƙyalle a ƙafa ba, ba a rubuta a allo ba, wanda ya yi tatsar safe kuma ba shi aka faɗa wa ba. Babu mugu a cikinsu. Gonar ce ta saba komai yana cikin kan mutum ɗaya, ranar da ba ya nan sai aka ga ramin.

Saboda haka shawarata ita ce ka karɓa, amma kada ka karɓa da baki kawai. Dama ce babba. Wanda ya riƙe garke shekara huɗu, ya san bin kota, ya san magana da likitan dabbobi da banki da mai abinci, ya wuce matsayin mai tatsa, kuma duk gonar da ya nufa bayan haka za a karɓe shi hannu biyu. Sai dai kafin ranar zaɓe ku zauna ku rubuta iyakar ikonka. Wane magani za ka iya bayarwa da kanka, wanne sai an kira likita? Saniyar da ta karye ko ta kasa tashi, kai za ka yanke hukunci a kanta, ko sai an same shi a waya? Har nawa za ka iya kashewa idan famfon tatsa ya tsaya da dare? Ya sanar da likita da mai gyaran na'ura da ni irina cewa maganarka maganarsa ce, domin in bai faɗa musu ba za su ci gaba da jiran shi.

Ka nemi ya koya maka bin kota tun yanzu. Madarar da ta haura abin da aka yarda ba a biyanta, wadda ta gaza sosai kuma dama ce ta wuce. Daidaita wannan yana farawa tun watanni tara baya, daga ranar da aka yi wa saniya baye, da ranar da aka daina tatsarta don ta huta kafin haihuwa, da yawan karsanan da za su shigo layi. Ka riƙa buɗe sakamakon kowace ɗauka kana duba maiƙo da furotin da ƙidayar hantsa, kada ka jira takardar ƙarshen wata.

Kuma lallai a ƙara mutum. Aikin da maigidan ke yi da hannunsa ba zai ɓace don ya tafi ba, idan ba a ɗauki wani ba kai za ka haɗa da naka. Tatsa sau biyu a rana, haihuwar tsakar dare a watan Janairu, ga waya, mutum ɗaya ba ya ɗaukar wannan shekara huɗu ba tare da ya fara kuskure ba. Ka faɗi maganar albashi a fili, su a nan ba sa ɗaukar ta rashin kunya, kawaicinmu ne ma ke sa su zaci mun gamsu. Ka sa Juma'arka da watan azumi da hutun zuwa gida a cikin yarjejeniyar, a san wanda zai tsaya idan ranarka ta haɗu da ranar taronsa, domin za su haɗu. Idan kuma takardar izinin aikinka irin wadda aka ɗaure da sunan gona da matsayin aiki ce, sauya matsayi daga ma'aikaci zuwa manajan garke na iya buƙatar gyara a takardar. Wannan ba fannina ba ne, ka kai ta wurin lauya ko mai lasisin ba da shawara kan shige da fice kafin ka sa hannu a komai.

Idan ya amince da waɗannan cikin sauƙi, alama ce ya auna abin da zai shiga. Idan kuwa ya ce ai ba komai, waya na nan, duk abin da ya taso ka kira ni, to ka nuna masa cikin ladabi cewa a zaman hukuma wayoyi a kashe suke, saniya mai naƙuda kuma ba za ta jira a tashi ba. Ka roƙe shi ya tafi da kai taron manoman gundumarku na gaba, ka zauna a baya ka saurara, sannan ku gwada mako guda cur yana gida amma ba ya shiga ɗakin shanu, kai ke riƙe da komai, duk abin da ya tilasta maka ka neme shi ku rubuta shi. Wannan jerin shi za ku gyara kafin ya miƙa takardar tsayawa takara.